Ƙwayar Likita da Kanwar Gwaggo

Zongo, Kwatano
Janairu, 1990

Zuwa ga Gwaggo Ramlatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da Baffa da mutanen gida duka. Yaya jikin Baffa? Hannun ya fara motsi kuwa? Allah Ya ƙara sauƙi.

Gwaggo, na sauka lafiya, namiji ne. An mayar masa da sunan babansa, Halilu, amma Audi muke ce masa tunda bai tarar da uban ba. Direbobin da marigayi ke lodi tare da su a tashar jirgin ruwa su suka kawo ragon suna. Da liman ya faɗi sunan sai na ji kamar yanzu aka zo gaya mini motarsa ta faɗi a hanyar Faraku. Na shiga ɗaki na tura ƙofa har mutane suka watse. Kin san yadda muka daɗe muna jiran yaron nan. Ga shi ya zo, wanda ya fi kowa jiransa ba ya nan.

Na san kin so in zo gida wanka. Takaba ta hana ni tafiya da cikin, yanzu kuma da ta ƙare da haihuwa, jikin ne ya ƙi. Maƙwabciyata Bibata, mutuniyar Jugu mai suyar kifi, ita ke yi mini komai. Ita ma goyo take, 'yarta ta girmi Audi da 'yan watanni. Na koya mata wankan jego irin namu, tana tafasa mini ruwa da ganyen darbejiya safe da yamma. Ranar farko da ta ga tururin ta ce, "Ke Bazazzagiya, wanka ne wannan ko dafuwa? In yanka albasa ne?" Ita kaɗai ke sa ni dariya a gidan nan.

Abin da ke damuna, ƙafafuna sun kumbura. In na danna da yatsa sai ramin ya zauna. Takalmina ya daina shiga. In na kwanta numfashi sai ya riƙe ni, sai na tara matasai na jingina, ga tari. Bibata ta ce mu je likita, na ce mata jego ne, zai wuce.

Don Allah ki aiko mini da kanwa mai kyau ta kunu, ta nan duk ƙasa ce. Alhaji Abdulƙahar mai atamfa ne zai kawo miki wannan takarda, shi kuma zai dawo da saƙon.

'Yarki,
Ruwaida

*

Birnin Zariya
Fabrairu, 1990

Ruwaida 'yata,

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, Allah Ya raya Audi, Ya ji ƙan ubansa. Zahra'u matar ɗana Garba ce ke rubuta mini. Muna lafiya. Baffanki na nan yadda kika sani, sai an kwantar sai an tayar, kuma ba ya karɓar abinci a hannun kowa sai nawa. Ba don haka ba da tuni ina kanki, ko da a ƙafa ne.

Kumburin da kika faɗa sanyi ne ya shige ki. Garin da yake kwance a bakin teku ai dole. Mai jego jikinta a buɗe yake, in ba a gasa shi ba sanyi ya samu ƙofa. Ki gaya wa maƙwabciyar taki ruwan ya tafasa sosai, kada ta sirka don tausayi. A sa gawayi a kasko ƙarƙashin gado, ɗakin ya ɗau zafi. Kunun kanwa ki sha da safe ki sha da yamma, kwano cike, ba kurɓa ba. Shi ke korar sanyi, shi ke kawo nono. Ni da shi na yi jego tara, ga ni nan.

Na ba Alhaji jar kanwa da gero da yajin jego, ni na daka da hannuna. Ki ci abinci. Ki rage kuka, yaro na sha a nono.

Ki gaida wannan Bibata, ki ce na gode, amma ta bar wasa da ruwan wanka.

Gwaggonki,
Ramlatu

*

Zongo, Kwatano
Ƙarshen Fabrairu, 1990

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Saƙonki ya iso, Allah Ya saka da alheri. Da na kwance ƙullin yajin na shaƙa sai na ga tsakar gidanmu. A gaida Baffa da Zahra'u da yara.

Sai dai kafin saƙon ya iso abubuwa sun canja. Ana cikin yi mini wanka numfashi ya ƙwace mini, na zauna daɓas a banɗaki. Bibata ba ta tsaya jin ta bakina ba. Ta goya Audi, ta tare zemijan biyu, wato masu babur na haya, muka tafi wurin wata likita a unguwar Kajehun. Likitar ba ta jin Hausa, Bibata ce ta yi tafinta. Ta daɗe tana sauraren ƙirjina da bayana. Ta ce zuciyata ce ta gaji bayan haihuwa, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ne ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Na ce wa Bibata ta gaya mata ai zuciyar da dalilinta na gajiya. Bibata ta ce, "Wannan ba zan fassara ba, kuka za ki sa ni a gaban mutane."

Ta ba ni ƙwaya iri biyu, ɗaya ta zuciya, ɗaya 'yar ƙarama fara mai fitar da ruwan ta fitsari. Ta hana ni gishiri da magi. Ta hana kanwa, ta ce ita ma irin gishiri ce, riƙe ruwa take yi a jiki. Ta hana wankan zafi. Yanzu ba a hura mini wuta, ɗan ruwa mai ɗumi kawai nake watsawa.

Ƙwayar na aiki. Da safe nake sha, daga nan har azahar ina hanyar masai, ga shi masai ɗaya ne a gidan hayar nan. Bibata ta samo mini fo na ajiye a ɗaki, tana ta tsokanata wai ni da Audi ba ta san wanda ya fi wani ba. Likita ta ce a riƙa lura da nauyina, shi ne Kassoum mijin Bibata, mai sayar da albasa, yake ɗora ni a sikelin buhu duk Juma'a. Nauyin na ta sauka. Zoben azurfana da ya ƙi fita a da, yanzu da kansa yake zamewa. Ina iya kwanciya kamar kowa.

Amma tana da nata wahalar. In na miƙe da sauri sai jiri ya ɗebe ni. Bakina kullum a bushe. Jijiyar ƙafa takan murɗe mini har in ciji zane. Likita ta ce fitsarin na fita da wani abu da jiki ke buƙata, in riƙa cin ayaba da lemo ina shan ruwan kwakwa, in kuma riƙa zama a bakin gado kaɗan kafin in tashi.

Wanda ya fi damuna shi ne nono ya ragu. Audi sai ya kama ya ja ya ja, ya saki ya fashe da kuka. Likita ta ce yakan faru, in ci gaba da sa shi.

Duk Zongo an kasa kunne a rediyo, wai ana babban taron ƙasa za a canja yadda ake mulki. Maza na ta musu a ƙofar masallaci. Da marigayi na nan da muryarsa ta fi ta kowa, ya dawo ya fassara mini. Ni dai kukan Audi nake ji.

Kanwar na ajiye ta, kada ki ji haushi.

'Yarki,
Ruwaida

*

Birnin Zariya
Maris, 1990

Ruwaida,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Baffanki da sauƙi. Ni ce dai tun da aka karanta mini takardarki hankalina ya ƙi kwanciya.

Na sa Zahra'u ta maimaita mini wurin nan da kika ce ba a hura miki wuta. Duk Zongo an rasa mai ba maraya da uwarsa itace? Kada ki rufa musu asiri da sunan likita, na san halinki tun kina ƙarama, ko an cuce ki sai ki ce ba komai. Mai jego zobe na zame mata a hannu, ana ɗora ta a sikeli kamar kayan kasuwa, abincinta ayaba kamar biri, sannan ki ce mini sauƙi ne? Rama ce wannan.

Ita likitar ta taɓa jego a ƙasar Hausa? Maganin da ke tsotse ruwan jiki ai dole ya tsotse nono, wannan ko ni da ban shiga aji ba na sani. Abin da Halilu ya bari a duniya ke nan, yaron nan, kuma a nononki rayuwarsa take. Ki bar ƙwayar nan, ki dama kunun da na aiko.

In kuma nonon ya ƙafe, to a kawo mini yaron gida. Zahra'u na goyo, za ta haɗa da nata. Ba zan zauna jikana na kukan yunwa a bakin teku ba.

Gwaggonki,
Ramlatu

Yaya Ruwaida, ni ce Zahra'u. Yadda ta faɗa na rubuta. Tana faɗa tana share hawaye, kada ki ɗauka da zafi.

*

Zongo, Kwatano
Afrilu, 1990

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa, yaya ibada? Ni ban samu yin azumin bana ba. A gaida Baffa.

Ba wanda ya hana ni itace, Gwaggo. Mutanen nan sun yi mini abin da ba zan iya biya ba. Amma na ji maganarki. Wurin da kika ce a kawo miki Audi na karanta har takardar ta yi laushi. Na san Zahra'u za ta riƙe shi da amana. Sai dai in aka ɗauke shi daga ɗakin nan, ban san abin da zai tashe ni da safe ba.

Na daina shan 'yar farar ƙwayar. Ban gaya wa Bibata ba. In ta tafi Plakoji sayen kifi sai in dama kunun kanwa in sha, in wanke tukunyar kafin ta dawo. Gaskiyarki, nono ya ɗan dawo. Audi na ƙoshi ya yi barci a ƙirjina, bakinsa a buɗe kamar na babansa. Jirin ya tafi, ƙafa ta daina murɗewa.

Amma kumburin ya dawo, har ya wuce gwiwa. Na koma barci a zaune. In na ɗauko ruwa daga rijiyar tsakar gida sai na huta a hanya. Ranar Juma'a na ce wa Kassoum kaina na ciwo don kada in hau sikelin.

Wataƙila sanyin ne ke fita kamar yadda kika ce. Ki gaya mini, haka yake yi kafin ya tafi? Na gaji, Gwaggo. Ki amsa mini da wuri.

'Yarki,
Ruwaida

*

Zongo, Kwatano
Ƙarshen Mayu, 1990

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, an yi salla lafiya. Shiru ban ji daga gare ki ba. Alhaji ma bai dawo ba, wannan takardar wani direba abokin marigayi na ba. In fushi kike da ni, ki karanta wannan tukuna, don abin da ke ciki ya fi wancan.

Bibata ce ta kama ni. Ta shigo ta tarar ina salla a zaune, na kasa sujada. Ta jira na sallame, ta ɗaga zanena ta dubi ƙafar, ta ce, "Maman Audi, kina shan maganin nan kuwa?" Ta buɗe tukunyar da ban kai ga wankewa ba ta sunsuna. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce, "To tashi mu je, tun kina iya hawa babur da ƙafarki."

An kwantar da ni a asibiti, aka riƙa yi mini allurar fitar da ruwa. Ba na iya ko ɗaga Audi. Su Bibata sun gwada masa madarar gwangwani a gida, ta sa shi gudawa har idonsa ya faɗa. Bibata ba ta tambayi kowa ba, ta sa shi a nononta, shi a ɗaya 'yarta a ɗaya. Da ta zo duba ni ta gaya mini, na juya fuska bango na yi kuka. Ta zauna a bakin gadon ta ce, "Yi kukanki ki gama. Nono ina da shi har biyu, na ba shi aro. Uwa ce ba ni da wadda zan ba shi in kin tafi."

Yanzu ina gida. Na koma kan ƙwayar. Likita ta rage mini ita tunda ruwan ya sauka, ta ƙara mini wani maganin ruwa mai ɗaci saboda murɗewar ƙafa, ta ce duk ranar da jiri ya yi yawa ko na yi amai ko gudawa in zo, kada in yanke wa kaina hukunci. Damina ta sauka, tsakar gida ta cika da ruwa, zuwa masai sai an tattare zane, ni kuwa ga ƙwaya na korata can. Haka nake ta fama. Nono saura kaɗan ya ƙafe. Ina sa shi ya tsotsa abin da ya samu, sannan in miƙa wa Bibata ta ƙarasa.

Na tambayi liman. Ya ce yaron ya zama ɗanta na shayarwa, Kassoum ubansa, 'ya'yansu 'yan'uwansa, babu aure tsakaninsu, kuma wajibi ne dangi su sani. Shi ya sa nake gaya miki.

Gwaggo, ke kika raine ni, ban taɓa ce miki a'a ba. Amma kunun nan ba zan ƙara sha ba, kuma Audi ba zan aiko shi ba. Ki yafe mini.

'Yarki,
Ruwaida

*

Birnin Zariya
Yuni, 1990

Ruwaida 'yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Baffanki ya fara riƙe cokali da kansa.

Ba fushi ba ne. Alhaji ya kwanta ciwo a Legas, takardarki ta azumi na cikin jakarsa, sai rana ɗaya suka iso mini da ta biyun. Zahra'u ta karanta ta farko, kina tambayata ko haka sanyi ke yi kafin ya fita. Na ce mata ta tsaya, kada ta buɗe ɗayar. Na shiga ɗaki na yi alwala na yi raka'a biyu, don na ɗauka wani ne ya rubuto ta a madadinki ya gaya mini kin rasu. Da ta ce mini rubutunki ne, sai na yi sujadar godiya.

Da na ce a kawo Audi, kin zaci a kwali zan sa a saka shi a bar ki can? Ku biyu nake nufi, sakarya. Amma tunda likitarki na can, zauna kusa da ita.

Ni dai kanwa ba ta taɓa yi mini komai ba, har gobe ban gane ba. Amma jikinki ba nawa ba ne. Ki ba masu tumaki ita su sa a ruwa. Ki sha ƙwayarki a kan lokaci, ki ci ayabar, na janye maganar biri.

Na aiko wa Bibata turmin atamfa da turaren wuta, haka ake yi wa uwar shayarwa. Na san daga garinku atamfar ta fito, ta yi haƙuri ta koma. Ki ce mata tana da uwa a Zariya. Ki gaya mini sunayen 'ya'yanta duka in riƙe, in na mutu Garba ya riƙe.

Gwaggonki,
Ramlatu

*

Zongo, Kwatano
Yuli, 1990

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, na ji daɗin labarin Baffa, Allah Ya ƙara masa ƙarfi. Ni ma da sauƙi. Ƙafa ta saɓe, jirin sai jefi-jefi, na fara taɓa ɗinkin hula da rana.

Bibata ta karɓi kayan. Ta yafa atamfar ta zaga gidan ɗaki-ɗaki tana cewa daga uwarta ta Zazzau, wai yanzu ita ma sai a riƙa gaishe ta a durƙushe. Ta ce in gaya miki in Allah Ya kawo ki Kwatano kifi sai kin ture, amma ruwan wankanki ke za ki tafasa abinki.

'Ya'yanta huɗu ne. Saoudatou ce babba, sai Kamaludeen, sai Oumou, sai Karimatou wadda suke shan nono tare da Audi.

Nawa nonon ya ƙafe gaba ɗaya. Audi ya yi ɓulɓul, ya fara zama, in an kira sunansa yana waiwayowa. Jiya da safe ya tashi da kuka. Na ɗauke shi na jijjiga, na goya shi, na yi masa waƙar da kike yi mini, bai yi shiru ba. Bibata ta leƙo da hannunta duk garin kifi, ta ce, "Kawo shi nan." Tana karɓarsa ya yi tsit, ya cusa fuska a wuyanta.

Na tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu har ya fara sha. Sannan na koma ɗaki, na ɗebi ruwa a randa, na haɗiye ƙwayata.

A gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Ruwaida